Idan bulo ya fito a karkace, ƙarfen buga shi ake dubawa

Jiya bayan la'asar musu ya kaure a shagon wani abokina kusa da Wunti, kan ko ya dace mai haɗa manhaja ya bar inji ya fitar masa da kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi. Wani ƙanenmu da ya gama jami'ar ATBU bara ya ce wannan aikin malalata ne. Ban tanka ba a wurin, amma maganar ta kwana a raina.

Makarantun kuɗi huɗu nake riƙe wa manhajar sakamakon jarrabawa a nan Bauchi. Abu ɗaya suke so, amma babu biyu da suka zo daidai. Wannan gwaji maki 40 jarrabawa 60, waccan 30 da 70. Ɗaya haɗe take da Islamiyya, ana yin hadda amma ba a sa ta cikin matsakaicin maki. A da kwafa kawai nake yi, in ɗauki kod ɗin wannan in ɗan taɓa shi in kai wa waccan. Ranar da na gano kuskure a lissafin matsakaici na gyara wa uku, na sha'afa da ta huɗu. Ranar ba da hutu, iyaye cike da harabar makaranta, shugabar ta kira ni: "Injiniya, yarinyar da ta fi kowa maki ta zo ta bakwai, yaya ke nan?" Allah kaɗai ya san gumin da na haɗa a kan mashin kafin in isa.

Daga nan na sauya hanya. Kowace makaranta yanzu tana da fayil guda, bai wuce shafi biyu ba, mai ɗauke da dokokinta cikin kalmominta: aji kaza, darussa kaza, gwaji nawa, jarrabawa nawa, a nuna matsayi ko kar a nuna. Wannan shi ake kira samfuri. Sai na rubuta ƙaramar manhaja, wato injin nawa, da ke karanta shi ta fitar da sauran duka, teburan rumbun bayanai, fom ɗin shigar da maki, da takardar da yaro zai kai gida. In na gyara lissafi, wuri ɗaya nake gyarawa, in sake fitarwa, huɗun su samu.

Amma ba saurin ne ya fi burge ni ba. Ranar da na buga shafin nan na miƙa wa shugabar, ta sa tabarau ta bi layi-layi, ta ɗora yatsa: "A'a Injiniya, Fiƙihu daga aji uku muke farawa." Shekara biyu wannan dokar tana binne a cikin kod, ba ta da hanyar ganinta, ni kuma ba ni da hanyar sanin ba daidai ba ce. Ita ta san makaranta, ni na san kwamfuta, sai a shafin nan muka haɗu.

Tunanin ba sabo ba ne. Ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta amince da UML, harshen zana tsarin manhaja, a 1997, sannan a 2001 ta fito da abin da ta kira MDA, da burin ka zana tsarin manhaja inji ya fitar da kod na kowane dandali. A ganina abin da ya hana shi karɓuwa kamar yadda aka zata shi ne son gamsar da kowa da harshe ɗaya. Zanen ya kan kumbura har ya fi kod ɗin wahalar karantawa. Waɗanda suka ci riba su ne suka ƙuntata kansu ga fanni guda. Kamfanin jirage na Airbus ya yi amfani da manhajar SCADE ya fitar da kod ɗin sarrafa tashin jirgin A380, masu ƙera motoci suna yin haka da manhajar Simulink, hukumar harajin Holan kuma tana rubuta dokokin lissafinta da harshen da aka gina a kan MPS, manhajar ƙirƙirar harsuna ta kamfanin JetBrains.

Ba ma sai an je Turai ba. Duk wanda ya taɓa haɗa fom ɗin ODK ko KoboToolbox don ƙirgar gidaje ya yi wannan aikin bai sani ba. A Excel yake jera tambayoyi, ya ce wannan lamba ce, waccan kar ta fito sai an amsa da e, fom ya bayyana a waya.

Akwai kuma tsadarsa, ba zan ɓoye ba. Wata uku injin nan ya ci min, dare da janareta. Mai abokin ciniki ɗaya kada ya soma, ya rubuta kod ɗinsa da hannu ya huta. Sai ka yi abu sau uku kafin ka gane me ke sauyawa, me ke tsaye. Sannan yaron da ke taya ni ya taɓa shiga kod ɗin da inji ya fitar ya gyara tambarin wata makaranta da hannu. Da na sake fitarwa, gyaran ya bi ruwa. Na kai shi gidan bulo na bayan layinmu na tambaye shi ko ya taɓa ganin ana bin bulo ɗaya-ɗaya da wuƙa ana daidaitawa. Yanzu saman kowane fayil akwai gargaɗi da manyan baƙaƙe.

Masu cewa ChatGPT ya gama da wannan zance, ku tambaye shi abu ɗaya yau da gobe ku kwatanta amsar. Injin nawa kuwa in ka ba shi samfuri ɗaya sau ɗari, abu ɗaya zai fitar, kuma sakamakon 'ya'yan mutane haka yake buƙata.

Ƙanena, ranar Asabar zan je Gombe ganin makaranta ta biyar. Zo mu tafi tare, kai za ka rubuta shafinsu, mu ga ko za ka dawo kana kiran abin lalaci.