K ɗin nan na Kano ne?

Wata na uku da fara horo a ɗakin gwajin jini aka turo min wata Hajiya mai jijiyoyi kamar zaren ɗinki. Sai a suka ta uku na samu ɗan jini, na juye a kwalba mai murfi shunayya. Bayan ta fita na ga ashe likita ya rubuta har da gwajin gishirin jini. In sake kiranta, da irin hararar da 'yarta ta yi min? Na tsiyaya rabi cikin kwalba mai koren murfi, wadda ake wannan gwajin da ita, na ce Allah ya rufa asiri.

Na'ura ta ce fotasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jinin, ya kai 17. Na mai lafiya tsakanin 3.5 da 5 yake, 7 ma kiran likita ake yi da gudu.

Ku yi min adalci, na bi duk abin da aka koya mana. Na sake saita na'urar da ruwan ma'auninta. Na leƙa ko kumfar iska ta maƙale a bakin elektrod, ɓangaren na'urar da ke taɓa jinin ya auna, babu. Na zargi zafi, tunda tun safe babu wuta kuma ɗumin ɗaki na karkatar da karatun. Na ɗaga ruwan jinin a haske ko ƙwayoyin sun fashe sun zubar da nasu fotasiyam, garau yake, ko alamar ja babu. Na sake gwadawa, 17 daram.

Da takalmi ƙafa ɗaya na isa benci. Hajiya na zaune tana ɓare dafaffiyar gyaɗa.

"Hajiya, zuciyarki na bugawa kuwa?"

"Ɗan nan, da ba ta bugawa ai da ba a nan ka same ni ba."

Ashe Oga na bayana. Ko faɗa bai yi ba, haka halinsa yake. Ya ja ni ciki, ya tara ɗalibai shida, ya ce a duba kalsiyam, wani gishirin jinin. Kusan sifili. Ya ɗauko kwalba mai murfi shunayya ya kawo ta daidai hancina.

"Malam, karanta mana."

"K2EDTA, yallaɓai."

"Da ƙarfi, na baya ba su ji ba."

Na maimaita.

"To K ɗin nan na mene ne? Na Kano? Na Katsina?"

Shiru. Ya juya ga ɗalibai yana bayani a hankali kamar mai karatun allo: K alamar fotasiyam ce, maganin hana daskarewar jinin da ke cikin kwalbar nan gishirin fotasiyam ne, kuma shi ne ya damƙe kalsiyam. Elektrod ba ya tambayar fotasiyam daga jikin Hajiya ya fito ko daga kwalba, abin da ya taɓa fatarsa yake ƙirgawa. Duk wannan, kwalbar na nan a hancina.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne wani dogon yaro mai tabarau cikin ɗaliban. Oga ya gama, an fara watsewa, sai ya ɗaga hannu: "Yallaɓai, ko na Kebbi ne?" Yaron da ranar Litinin ni na ara masa farar rigata saboda ya manta tasa, ya dawo min da ita da tabon manja a aljihu, ko sannu. Har yau in mun haɗu a wurin mai shayi sai ya ce a zuba wa Malam Kebbi. Mai shayin ma ya ɗauka can ne garinmu.

Sista ce ta sake ɗibar jinin, suka ɗaya. Ya fito 4.1. 'Yar Hajiya ta tambaye ta ko ni ma ma'aikaci ne a nan.