Tiren talla da aji uku: inda ake yanke wa yarinya lokaci

Jama'a, duk sanda aka taso da maganar shekarun da 'yan mata ke fara sanin ɗa namiji, sai mu ɗora wa waya da TikTok da fina-finai laifi, mu yi Allah wadai, a watse. Waya tana da nata kason, ba na musu. Amma a Kano, da birni da ƙauye, abin da ya fi yanke wa yarinya wannan lokaci abu biyu ne: shin tana aji tsakanin shekara 13 zuwa 17 ko ba ta aji, sannan wa ke biya mata ƙananan buƙatunta.

A ƙasar Hausa mafi yawan mata a ɗakin aure suke fara sanin namiji, don haka shekarar aure ita ce shekarar farawa. Binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa (NDHS) na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna rabin matan da ba su yi boko ba an aurar da su kafin su cika 16, masu sakandare kuwa sai wajen 22. Tazarar shekara shida ke nan. Cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, binciken ya gano kashi 19 cikin 100 a faɗin Najeriya sun haihu ko suna da ciki. A karkara kashi 27 ne, a birni kashi 8. Cikin waɗanda ba su shiga aji ba kashi 44 ne, cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi 1. Yarinyar ƙauye da ba ta da ko ƙaramar waya ita ce ke riga 'yar birni mai babbar waya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake lale.

Mararrabar tana aji uku na ƙaramar sakandare. Yarinya ta rubuta jarrabawa tana da shekara 14 ko 15, aka shiga dogon hutu. Jikinta ya fara nunawa, maƙwabta sun fara cewa "wance ta isa". Babbar sakandaren mata tana nesa, sai an hau adaidaita zuwa da dawowa, ga kuɗin tara, ga sabon yunifom. Uba ya yi lissafi ya ga bai fita ba, sai a ce ta zauna tukuna zuwa baɗi. Wannan "tukuna" ɗin ba ta cika shekara sai an kawo kuɗin gaisuwa. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har sakandare, kuma jihar tana cikin shirin AGILE na Bankin Duniya da ke tallafa wa karatun 'yan mata. Sai dai kyautar makaranta ba ta biyan kuɗin mota. Duk mai son taimaka wa 'yar ɗan'uwansa, ya ɗauke mata kuɗin mota na zangon farko na aji ɗaya na babbar sakandare, ya tabbatar an yi mata rajista kafin hutun ya ƙare. Nan ne igiyar ta fi tsinkewa.

Sai talla, kuma a nan zan daɗe. Ba don mugunta uwa ke ɗora wa 'yarta tire ba. Tana cikin gida ba ta fita, sana'arta awara ko dafaffiyar gyaɗa ko alala, kuma al'ada ta ɗora mata kayan ɗaki: gado, katifa, kujeru, jeren kwanuka, ga gara. Da ribar tiren take zubin adashe. To ku dubi yadda abin ke tafiya. Yarinya ta fita bayan la'asar, an ce mata "kar ki dawo min da kwantai". Ƙarfe tara na dare ta yi, saura ƙulli goma a tire, tana tsaye bakin tasha ko ƙofar gareji, ta san abin da ke jiranta a gida. Sai wani babba ya ce, "Kawo in juye duka, biyo ni shago ki karɓi kuɗinki." Ranar farko kuɗin kawai zai ba ta, har da ƙari. Rana ta biyu ma haka. Yana sayen sabo ne da amana, yana kuma ɗaure ta da bashin alheri. Uwa tana murna 'yarta tana da farin jinin kasuwa, ba ta tambayi wane ne mai juyewa kullum ba. Abin da ke biyo baya ba soyayya ba ne, ba kuma "lalacewar yarinya" ba ne. Cin zarafin ƙaramar yarinya ne, kuma laifin na babban ne ɗungurungum.

In har tallan ya zama dole, akwai abin da ke rage haɗarin. A dawo kafin magariba. A rage yawan kayan yadda zai ƙare da wuri, kuma a daina duka kan kwantai, domin tsoron dukan ne ke tura ta shagon. Kada ta shiga ɗaki ko shago ko mota karɓar kuɗi, mai saye ya fito ya biya a fili. Su tafi su biyu ko uku. Uwa ta ƙirga ciniki: in kuɗi ya fi kayan da aka fita da su, ta tambayi daga ina, cikin lalama, ba da tsawa ba. Haka ma 'yar aikatau da aka kawo daga ƙauye, wadda ke kwana a gidan da ba ta da kowa, albashinta ma wata ke karɓa. Duk mai irinta a gida, amana ce a wuyansa.

Ƙananan buƙatu kuwa, raina su muke yi. Audugar mata duk wata, sabulu, man shafawa, rigar mama, kuɗin ankon ƙawa. Yarinya tana jin kunyar tambayar mahaifinta, uwa ta ce babu. Saurayi ya zo zance ya ajiye toshi, a karɓa a yi godiya, har a sa a cefane. Gidan da ya fara cin kuɗin zance ya rasa bakin cewa a'a, ko ga auren da bai yi wa yarinyar ba, ko ga fitar da ba ta dace ba. Malam, ka ware kuɗin audugar 'yarka kamar yadda kake ware na omo, ka ba mahaifiyarta, ba sai an roƙe ka ba.

Akwai kuma shirun da muke kira kunya. Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 11 da 14, da yawa kuma ba wanda ya gaya musu komai kafin ranar. Abin da suke samu shi ne "yanzu in namiji ya taɓa ki ciki za ki yi", sai tsoro ba bayani. A fara maganar tun tana 9 ko 10. In uwa ba za ta iya ba, musamman ga 'yar fari, ga gwaggo, ga inna, ga malamar Islamiyya da ke koyar da babin haila da tsarki. A gaya mata sassan jikinta da ba mai ikon taɓawa, ko kawu ne ko malami ko maƙwabci, domin mafi yawan masu wannan ta'asa sanannu ne a gidan. A kuma yi mata alkawarin in ta faɗa ba za a doke ta ba, a cika alkawarin.

Masu cewa aurar da ita da wuri shi ne kariya, na fahimci tsoronsu. Amma addinin da muke kafa hujja da shi ya ce a nemi izinin budurwa, kuma malaman fiƙihu sun bambanta ɗaurin aure da tarewa, sun ce sai ta iya ɗauka. Fara al'ada ba ya nufin ƙugu ya gama buɗewa, ballantana yarinyar da ta taso ba ta ƙoshi ba. In kan jariri ya maƙale, naƙuda ta kwana biyu a gida, kan yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, wanda ake gyarawa a cibiyar Laure da ke asibitin Murtala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma tabbatar masu haihuwa ƙasa da shekara 20 sun fi fuskantar jijjiga, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. In an riga an yi auren, a fara awo da wuri, a haihu a asibiti. Naƙudar da ta wuce awa 12, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, ba na jiƙo ba ne, a nemi mota.

In kuma mummunan abu ya faru, Allah Ya kiyaye, kada "a rufa asiri" ya cinye lokacin magani. Kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su a takarda ba a leda ba. A kai ta cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin Murtala, ko asibiti mafi kusa. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana shan sa kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar, kuma gara a ranar farko. Zaman sulhu a zauren mai unguwa yana iya cin kwana uku cur, daidai kwanakin da dole a fara maganin kariya daga ƙanjamau a cikinsu. A fara da asibiti, a karɓi rahoton likita, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda.