Kaurin akwati ba shi ke sa kwamfuta ta jure wahala ba

Masu son haɗa ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi don aikin gareji ko gona sukan ɗauka cewa in masu walda na kasuwar Panteka ta Kaduna suka ƙera mata akwatin ƙarfe mai kauri, aka toshe ko'ina ruf, to ta gama tsira. Ba haka ba ne.

Gaskiya ne toshewa tana hana ƙurar hunturu da garin ƙarfe shiga, kuma garin ƙarfe kan haɗa wuta a jikin allon da ke ɗauke da sassan kwamfutar. Amma zafin da ke ciki ta ina zai fita? Raspberry Pi tana fara rage saurinta da kanta in zafinta ya kai digiri 80, ta ƙara ragewa a 85. A zafin ranar Kaduna na Maris da Afrilu, rufaffen akwati ba ya daɗewa ya kai ta can, batirin litiyam ma zafi na rage masa kwana. Fanka a ciki ba ta wadatarwa, domin iska mai zafin take ta juyawa. Abin yi shi ne a manna guntun alminiyam tsakanin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da bangon akwatin, bangon ma ya zama na alminiyam mai haƙora ta waje, don ya fi baƙin ƙarfe fitar da zafi nesa ba kusa ba.

Akwatin ƙarfe kuma yana tare Wi-Fi, dole a fito da eriya waje. Faɗuwa kuwa, roba a kusurwoyi da SSD (ma'ajiyar bayanai wadda babu abin da ke motsi a cikinta) maimakon faifai mai juyawa su ne maganinta.