Rajista daban, jin malama daban

Na karanta wani labari kan karatun yaran Aborijin, 'yan asalin Ostireliya. Labarin ya tsaya kan wani buri na Closing the Gap, yarjejeniyar 2020 ta rage giɓin da ke tsakanin Aborijin da sauran 'yan ƙasar, wato sa kashi 95 cikin ɗari na yaran Aborijin a makarantar share fage. Madalla. Amma ina maganar ciwon kunne, wanda ya yi katutu a ƙauyukan arewacin Ostireliya? Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya ba ya jin malama, balle a Turancin da ba shi ake yi a gidansu ba. Kuma kakannin da hukuma ta ƙwace daga hannun iyayensu, har firaministan ƙasar na lokacin, Kevin Rudd, ya nemi gafara a 2008, ba za su miƙa jikokinsu haka kawai ba. A fara duba kunnuwan, a kuma ɗauki malamai 'yan garin masu jin yaren yaran.