Don Allah aka bayar, amma a kawo littafin lissafi

Akwai maganar da masu neman taimako don talakawa suka mayar kamar kirari, musamman ƙungiyoyin da ke ɗauke da sunan addini: "Duk abin da ka bayar, ɗari bisa ɗari hannun mabuƙaci zai shiga, ba ma taɓa ko sisi." Jama'a na son jin haka, kuma hannu ya fi saurin shiga aljihu idan an faɗa. Ni kuwa duk sanda na ji sai tambayoyi su taso mini. Motar da ta kai kayan, da ruwa take tafiya? Wanda ya bi gida-gida yana tantance sunaye, iska yake ci? Abin da banki ya yanka wajen tura kuɗin, wa ya biya?

A ganina, wanda aka ɗora wa jagorancin tara kuɗi a ƙungiyar addini, mafi nauyin aikinsa shi ne ya gaya wa mai bayarwa inda kuɗinsa ke tafiya, har da ɓangaren da ba shi da daɗin ji, kuma tun kafin a tambaye shi. Tsuma zukata kowane mai baki zai iya. Na ce tun kafin a tambaye shi ne saboda a harkar addini mutane kunyar tambaya suke yi. Mutumin da zai bi diddigin kowace takarda idan ya zuba jari a kasuwanci, shi ne idan malami ko fasto ya ce a kawo don marayu zai ga neman rasit kamar rashin tarbiyya ne, ko ma raunin imani. Sai ka ji ya ce, "Ai don Allah na bayar, ladana yana nan." Haka ne, ladanka yana nan in Allah ya karɓa. Amma marayan da aka yi roƙon da sunansa ba ladanka yake jira ba, abinci da kuɗin makaranta yake jira.

Abin mamaki, addinan da ake fakewa da su don a guje wa lissafi su ne suka fara kafa lissafin. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka jero mutum takwas da ake ba wa zakka, na uku a jerin su ne ma'aikatan da ke tattara ta da raba ta. Ke nan tun asali an san aikin nan yana cin lokaci da ƙarfi, an kuma yarda a biya mai yinsa daga cikin abin da aka tara. Babu wani abin kunya a nan da za a ɓoye.

Sai kuma labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya aike shi karɓar zakka. Da ya dawo aka zauna lissafi da shi, sai ya ware wani abu ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi magana a bainar jama'a, ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Ku lura da abu biyu. Na farko, sahabi ne, amma an zaunar da shi an yi masa lissafi, kuma babu wanda ya ce an ci masa fuska. Na biyu, an halatta masa ladan aiki amma an haramta masa "kyauta". Albashin da aka rubuta kowa ya sani halal ne. Ambulan da attajiri ya cusa maka a aljihu bayan taro, "ga na mai," shi ne abin tsoro. A yau sai muka juya lamarin: muna jin nauyin rubuta albashi a rahoto, amma ba ma jin nauyin ambulan.

A ɓangaren Kirista ma haka abin yake. Lokacin da Bulus yake tara gudummawa don talakawan Urushalima, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A sura ta 8 ta wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa ya bayyana cewa ya haɗa Titus da wasu 'yan'uwa biyu, ɗaya ma ikilisiyoyin ne da kansu suka zaɓe shi, don kada wani ya sami abin zargi a kan yadda aka riƙe dukiyar. Ya ce abin da ake nema shi ne aikin ya zama daidai a gaban Ubangiji, ya kuma zama daidai a gaban mutane. To idan mutane irin waɗannan ba su ce "ku yarda da ni kawai" ba, wane ne kai?

Mu koma kan ɗari bisa ɗari. Akwai masu faɗin haka da gaskiyarsu, sai dai a san yadda suke yi. Ƙungiyar charity: water, da aka kafa a Amurka a 2006, tana da wasu masu hannu da shuni na daban da suka ɗauki nauyin albashi da hayar ofis, shi ya sa kuɗin sauran jama'a ke tafiya kacokan ga aikin ruwa. A Birtaniya kuma akwai tsarin Gift Aid, inda gwamnati ke ƙara wa ƙungiya fenni 25 a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, wasu ƙungiyoyin da wannan suke gudanar da ofis. Duk inda ka duba dai, wani ne ya biya. Wanda ba shi da irin wannan kafa amma yake rantsuwa ba ya taɓa komai, ɗayan biyu ne: ko yana ɓoye kuɗin gudanarwa a cikin farashin kaya, ko yana tatsar 'yan sa-kai har su gaji su watse.

Kuma idan aka matsa wa ƙungiya sai ta rage kuɗin gudanarwa ko ta halin ƙaƙa, kun san abin da ake fara yankewa? Akanta, mai binciken kuɗi na waje, da wanda ke komawa ya duba ko kayan sun isa. Wato masu gadin amanar. A 2013 manyan cibiyoyi uku da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Amurka, GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu bayarwa su daina auna ƙungiya da ƙarancin kuɗin gudanarwa kaɗai. Ina tare da su.

Kada wani ya ɗauki maganata lasisi. Halascin ladan aiki yana da iyaka. An ma ruwaito daga Imam Shafi'i cewa rabon ma'aikata daga zakka ba ya wuce ɗaya bisa takwas. Abin da na fi ƙi shi ne biyan mai tara kuɗi da kaso, a ce duk abin da ka kawo kana da kaza a ciki. Ƙungiyar ƙwararrun masu tara gudummawa ta Amurka, AFP, ta haramta wa mambobinta wannan a dokokinta, kuma dalilin a fili yake. Ranar da aljihunka ya rataya da hawayen mai sauraro, za ka fara ƙara gishiri, za ka fara matsa wa tsohuwar da ba ta da shi. Wanda yake ganin rigar addini tana kare mutum daga wannan ya tuna Jim Bakker, mai wa'azin talabijin a Amurka, da kotu ta same shi da laifin damfarar mabiyansa a 1989. Masu aika masa kuɗi ba wawaye ba ne, masu imani ne da suka ga tambaya ba ta dace ba.

Akwai wata amanar da ta fi wannan saurin zamewa, domin mai cinta ba ya jin ya yi sata. An yi shela don gina asibiti, kuɗi ya shigo, sai ga wata buƙata ta gaggawa, sai shugaba ya ce ai duk aikin Allah ne. A'a, malam. Wanda ya bayar don asibiti, asibiti ya ba ka amana. Zakka kuwa tana da masu ita, ba a zuba ta tukunya ɗaya da sadaka ta gama-gari. Asusunta daban, littafinta daban. In buƙata ta canza, koma wurin masu kuɗin ka nemi izini. An taɓa yin haka kuma duniya ba ta tashi ba. Bayan igiyar tsunami ta tekun Indiya a Disamban 2004, kuɗi ya yi ta kwarara, sai ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito a farkon Janairun 2005 ta ce abin da ta samu ya ishi aikin da za ta iya yi a can, ta nemi masu bayarwa su yarda a karkatar da sauran zuwa wasu wuraren. Wasu ƙungiyoyin sun ji haushi a lokacin. Ni dai har yau ban ga abin da ya fi wannan nuna gaskiyar mai tara kuɗi ba: ya iya buɗe baki ya ce ya isa.

Bari in ɗan ratse kan hotuna, don abin yana ci mini rai. Masu wannan sana'a sun san fuska ɗaya ta fi alƙaluma kawo kuɗi. Wani bincike da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007 ya nuna mutane sun fi bayarwa idan aka ba su labarin yarinya guda ɗaya a kan idan aka karanta musu adadin miliyoyin da ke cikin yunwa. Daga nan ne jarabar take farawa: a jera mata, a ɗora musu buhu a ka, a ce su kalli kyamara su yi godiya. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Hoton da zai zauna a intanet har yaron ya girma abokansa su gani, idan ba cutarwa ba ne, mene ne? Kuma izinin da aka nema daga mai jin yunwa, buhu na hannunka, ba izini ba ne. Hujjar isar kaya ga mai binciken kuɗi ake kai wa, da sa hannu da kwanan wata. Ba sai an baje fuskar kowa a Facebook ba.

Wani zai ce duk wannan na manyan ƙungiyoyi ne masu ofis da kwamfuta. Ba haka ba ne. Mutum biyu su ƙirga kuɗi tare su sa hannu, ba ya buƙatar kwamfuta. Asusu ya kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko matarsa ba, kuma kada a fitar da komai sai da sa hannun mutum biyu da ba dangin juna ba. Wanda ke karɓa ba shi ne mai rubutawa ba. Kwamitin amintattu ya ƙunshi wanda zai iya kallon idon shugaba ya ce ban gane wannan layin ba, ba almajiransa zalla ba. Mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da wannan tsari, domin ranar da aka yi masa ƙazafi, takarda ce za ta yi magana, ba rantsuwa ba. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Manyan ma da ƙananan hannaye suka tashi. Islamic Relief, da Dokta Hany El-Banna da abokansa suka kafa a Bamingham a 1984, gudummawarta ta farko fenni 20 ce daga wani yaro. Tukunyar tara kuɗi ta Salvation Army, ƙungiyar agaji ta Kirista, ta samo asali ne a San Faransisko a 1891, masu wucewa suna jefa 'yan canji don a ciyar da talakawa ranar Kirsimeti. Irin waɗannan masu ba da kaɗan su ne ke riƙe ƙungiya a watannin da babu azumi babu biki, lokacin da attajirai sun ɗauke ƙafa amma yunwa ba ta tafi hutu ba. Su ne kuma aka fi mantawa da su wajen rahoto. Attajiri ana kai masa har gida a bango mai sheƙi, mai ba da kaɗan kuwa sai dai "Allah ya saka da alheri" da sabuwar shela.

A aika masa rahoton shi ma, ko da a saƙon waya ne: ga abin da ya shigo, ga abin da ya tafi kan kaya, ga na sufuri, ga na albashi, ga abin da ya rage a asusu. A sa har da abin da bai yiwu ba, rijiyar da aka haƙa ba a tarar da ruwa ba, da nawa ta ci. Wasu za su janye, babu shakka. Waɗanda suka zauna bayan sun karanta wannan layin, da su za a tsara kasafin baɗi.