Laƙabin da Frank Tyson bai raɗa wa kansa ba

'Yan uwana matasa, na ga yadda yanzu kowa ke yi wa kansa kirari a Facebook, wannan ya ce shi ne Zaki, wancan ya ce shi ne Guguwa, alhali babu wanda ya taɓa ganin ko ƙurar da suka tayar. Wannan ne ya tuna mini da Frank Tyson, ɗan wasan kurket na Ingila, wanda aikinsa a fili shi ne jefa ƙwallo da ƙarfi, kuma jaridu ne suka laƙaba masa Typhoon, wato mahaukaciyar guguwar teku.

Ku lura da yadda sunan ya samo asali. A ƙarshen 1954 Ingila ta je Ostareliya domin gasar Ashes, wato jerin wasannin kurket tsakanin ƙasashen biyu, kuma a wasan farko a Brisbane Tyson ya sha kunya, domin mutum ɗaya kacal cikin masu bugun ƙwallon Ostareliya ya fitar daga wasa bayan an ci maki 160 a hannunsa. Bai ɗora laifi a kan fili ko alƙalin wasa ba. An nuna masa cewa gudun da yake yi daga nesa kafin ya yi jifa yana cinye masa ƙarfi, sai ya karɓi gyara ya rage shi, abin da da yawa daga cikinmu girman kai ba zai bar mu mu yi ba.

A wasa na biyu a Sydney, ƙwallon Ray Lindwall, mai jifan Ostareliya, ta same shi a ƙeya har ya faɗi sumamme, aka kai shi asibiti. Ya dawo da ƙullutu a kai, ya kammala wasan da fitar da mutum 10. A Melbourne kuwa ya fitar da 7 a kan maki 27 kawai a zagaye na biyu na wasan, Ingila ta lashe gasar da ci 3 da 1. Sai bayan aikin ya bayyana sunan ya bi shi.

Sai dai guguwa ba ta daɗewa. Raunuka sun addabe shi, wasa 17 kawai ya buga wa ƙasarsa, ya ajiye ƙwallo a 1960 yana da shekara 30. Ku da kuke watsar da karatu saboda an tafa muku sau biyu a filin unguwa, ku sani cewa tun kafin a san sunansa ya yi karatun adabin Ingilishi a Jami'ar Durham. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma Ostareliya, ƙasar da ya wahalar da 'yan wasanta, ya zama malamin makaranta a Melbourne, yana kuma horar da 'yan wasa. A Ostareliya ya rasu a 2015, a birnin Gold Coast.