Dattijon da Ke Magana Biyu

Akwai wani umarni a Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, da ake kira `file`. Ka miƙa masa fayil, ya leƙa cikinsa, ya gaya maka ko rubutu ne ko hoto ko wani abu daban. Ba ruwansa da wutsiyar sunan, ko .txt ka liƙa ko .jpg. Tun 1973 yake cikin Unix, tsohuwar manhajar da Linux ta kwaikwaya, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa na ɗauke shi dattijon da ba ya magana biyu.

Maigidana ya tara rubuce-rubucen Hausa daga hannun masu buga rubutu daban-daban, ya ce in tace masa masu kyau. Sai na rubuta ɗan shiri: duk fayil ɗin da dattijo ya ce masa "UTF-8 Unicode text", wato rubutu a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, ya wuce, saura a zuba su a wata jaka da na raɗa wa suna shara. Na danna, na miƙe ƙafa, na aika a sayo min shayi.

Kafin shayin ya iso, shara ta cika maƙil.

Na buɗe ɗaya daga cikin waɗanda suka wuce, na buɗe ɗaya daga shara. Hausa ce, Hausa ce. Amma wannan an ce masa UTF-8, wancan "ASCII text". Na kashe kwamfuta na kunna. Na zargi bairos. Har mai shayin sai da na harara, bawan Allah.

Ashe mai buga na sharar ba ya sa lanƙwasa ne. Ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, haruffan Turanci zalla, duk suna cikin alamomi 128 na tsohon tsarin ajiye haruffa da ake kira ASCII. Shi kuwa `file` abin da ya gani yake faɗa. Harafin ƙ guda ɗaya tak, wanda babu shi a ASCII, ya isa ya juya hukuncin. Kai, ko lanƙwasasshiyar waƙafin sama da Word ke cusawa a cikin 'ya'ya ma ta wadatar. Wato dai ragwancin wani ne ya hana ni shan shayina da zafi.

Na gyara, na ɗora aikin a kan sabar ofis, wato babbar kwamfutarmu. Wannan karon komai ya tafi shara, har masu lanƙwasar. Sabar tana da sabon zubin `file`, shi kuma cewa yake "Unicode text, UTF-8 text". Magana ɗaya ce aka sa wa riga a baibai, shirina kuma bai gane ta ba.

To, na ce bari in daina sauraron hirarsa, in nemi amsa a taƙaice. Na ƙara wa umarnin `-i`, ya ba ni `text/plain; charset=utf-8` tsaf. Cikin alfahari na tura wa ƙanina ya gwada a kwamfutarsa ta Mac. Ba a jima ba ya kira.

"Yaya, abin nan naka lafiyarsa ƙalau kuwa? Duk abin da na ba shi sai ya ce min 'regular file'. Har hoton bikina."

"Ka rubuta daidai kuwa?"

"Wallahi kwafa na yi."

A Mac babban harafi ake so, `-I`. Ƙaramin can wani aiki yake yi. Wanda ya yanke wannan shawara, Allah Ya shirye shi. Na koma `--mime`, wanda kowannensu ke jin sa, aka samu zaman lafiya.

Sai fayil ɗaya ya rage a shara: jerin sunayen marubuta da garuruwansu, kowane layi da waƙafi a tsakiya. Dattijo ya dube shi ya ce wannan CSV ne, wato jadawalin bayanai da waƙafi ke rabawa. Ban yi musu ba, na ɗauke shi da hannu na mayar.

Da na kai wa maigida rahoto da yamma, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, fayil ɗin nan fa ba su da yawa. Da ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ai da ka gama kafin azahar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba aikin injiniya ba ne."